Batirin da Inna Ta Cire

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka daga sharrin ruwa da na ƙarfe, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ciwon da ya sha ya zame masa kankarar zunubi, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Mu nan lafiya lau daidai gwargwado. Gwaggo ta koma gidanta, ƙafar dai tana nan tana damun ta. Baffa yana leƙowa da yamma ya sha shayi ya yi mana faɗan da ba wanda ya tambaye shi. Surukinka, wato mijina, ya koma aiki, ni ma na koma aji. 'Yata Ƙarama har yanzu in ta dawo daga makaranta da gudu take nufar ɗakin Baba, sai ta kai bakin ƙofa take tunawa. Inna kuwa zan zo kanta, don rabin takardar nan tata ce.

Saƙonka ya iso ta ofishin kamfanin jirginku, layi biyu, tambaya biyu. Ka ce shin kwamfutar ta yi masa aiki har ƙarshe, kuma shin ya bar wata magana. Ban amsa ta ofis ba, don ba na son wani baƙo ya karanta maka wannan a tsaye yana duba agogo. Na gwammace ka jira ku tsaya a tasha, ka samu wuri ka zauna ka karanta da idonka. Zan faɗa maka komai yadda ya faru, har da inda zai yi maka ɗaci, har da inda na ji kamar in shaƙe ka.

Kai ka haɗa kwamfutar nan, ba ni zan koya maka ita ba, amma ka tafi tun tana baƙuwa a hannunsa, ba ka ga abin da ta zama ba. Ka tuna lokacin da ciwon ya cinye masa harshe da hannu da ƙafa, bai bar masa komai ba sai ido da kunne da babban yatsan dama, ka kwaso tsohuwar laftof ɗin nan mai kaurin bulo, ka soka mata kati a gefe, ka ja waya daga katin zuwa jan madannin da ka ɗaure a hannun kujerarsa. Ka shige kabad ɗin Inna ka lulluɓa da bargo kana ta naɗar muryarka, ba, bi, bu, ka, ki, ku, har muka ce autanmu ya zare. To, wannan haukar taka ita ta zama bakin Baba. Haske yana bin haruffa a fuskar kwamfutar, in ya zo kan wanda yake so ya danna, in ya gama haɗawa ta faɗa da muryarka. Da muryarka ya ce gishirin miyata ya yi yawa, da muryarka ya kori Baffa ranar da ya kawo masa wani mai magani, da muryarka yake ce wa Inna ta rage surutu. Inna takan ce ita dai ba ta taɓa haihuwar marar kunya irin Auta ba, yana can tsakiyar teku yana yi mata tsiwa a ɗakinta. Baba ba ya iya dariya, amma in ta faɗi haka sai ka ga cikinsa yana motsi a ƙarƙashin riga.

Da sanyi ya kama shi a ƙirji muka kai shi asibiti, ba mu tafi da ita ba. Ɗakin na mutane da yawa ne, soket ɗaya ne a kusa da gadon, shi ma na injin numfashi, kuma ko ido da ƙyar yake buɗewa. Inna ta dawo gida ɗaukar kaya, ta ga kwamfutar a jone a kan tebur, ta ɗaga kai ta ga rufin nan na saman taga da yake ɗiga, sai ta yi abin da kowa a gidanmu zai yi. Ta zare waya, ta kifa ta, ta ciro batirin, ta goge shi ta naɗe daban a ɗankwali, ta naɗe kwamfutar a zanen da ta fi ji da shi, ta sa a akwati ta kulle. Kai ma ka san inda wannan ya samo asali. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran rediyo, ya ga rediyo nawa da batir ya zuba a ciki ya cinye, dokarsa guda ce a gida, ba a ajiye abu da batir a cikinsa. Ni na sha mari a kan tocila, kai ka sha a kan motar wasa. Inna tun tana amarya take bin dokar nan, ko agogon bango in za mu yi tafiya sai ta zare masa nasa.

Mun yi makonni a asibiti. Daga ƙarshe likita ya ja ni gefe ya ce mu kai shi gida ya huta cikin iyalinsa, na gane abin da yake nufi, ban ja maganar ba. Muna shigar da shi ɗaki idonsa ya tafi kan tebur. Inna ta tashi da rawar jiki ta buɗe akwati, tana warware zanen tana ce masa ya gani, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Muka mayar da batir, muka jona, muka kunna. Sai ga baƙar fuska da wani farin rubutu da ba mu saba gani ba, kwanan watan ma ya koma wata shekara tun ina budurwa. Surukinka ya danna abin da ta ce a danna, haruffanka suka fito, haske ya fara tafiya, muka ce alhamdulillahi. Baba ya danna. Shiru. Ya jira hasken ya zagayo ya sake dannawa, sai lasifika ta saki wani dogon kuka kamar na butar da ta tafasa, komai ya ƙame. Muka kashe muka kunna har hannu ya gaji. Wallahi Auta, na ga mahaifinmu ana juya shi ana wanke shi kamar jariri bai karaya ba, amma ranar na ga ya karaya. Yatsan yana ta danna madannin bayan an kashe kwamfutar ma.

Kuma kowa ya ga yana da magana. Ba irin ta ruwa ko a gyara masa filo ba, waɗannan mun san su da ido. Na rubuta haruffa a kwali ina nunawa, na ce ya ƙifta in na zo wurin, amma idon ya riga ya yi rauni, yana ruwa yana ƙiftawa da kansa, muka haɗa wani shirme mai kama da sunan kifi, ya rufe ido ya ƙi sake buɗewa. Surukinka ya kawo wayarsa ta zamani, yatsan ba ya iya kaiwa gilashin, kuma ba ta da ramin da jan madannin zai shiga. Na je ofishinku na roƙa a haɗa ni da kai, suka ce jirgin yana inda saƙo ba ya kaiwa sai ranar da ya matso gaɓa. Daga nan na wuce shagon Dogo.

Dogo dai da ka sani, wanda ya koyi aiki a hannun Baba, yanzu da furfurarsa da shagonsa a ƙarƙashin matakalar bene, yana gyaran waya da kwamfuta. Ya rufe shago ya biyo ni ko canza riga bai yi ba. Ya durƙusa ya gaida maigida, ya duba, ya shiga wani shuɗin shafi da ban san akwai shi ba, ya daɗe yana kallo, sannan ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce ƙwaƙwalwa ɗaya ce tak a ciki tana aikinta, sauran kayan kuma, madannai ne, lasifika ce, agogo ne, duk mai magana sai ya katse mata hanzari. Kowa da layinsa na kira, layukan kuma goma sha shida ne kacal a irin wannan tsohuwar. Kamar ƙararrawar gadajen asibiti ce, in ji shi, ma'aikaciya ba fuska take gani ba, lamba take gani. Kamfani tun daga masana'anta ya raba, sifili na agogo, ɗaya na madannai, uku na wani ɗan jan gilashi da ke baya wanda ba mu taɓa sanin amfaninsa ba, biyar na sauti, bakwai na firinta, da sauransu. Memori ma haka, an yanka wa kowa filinsa. Katin da ka soka baƙo ne, ba shi da layi ba shi da fili, sai da ka shiga ka kashe wasu ka matsar da wasu kafin ka sama masa wuri. Wannan rabon naka wani ɗan batir mai kamar kwabo ne yake riƙe da shi, shi kuwa ya daɗe da mutuwa ba wanda ya sani, babban batirin da wutar bango ne suke rufa masa asiri. Ranar da aka raba ta da su biyun a tare, ta manta da kai ta koma rabon kamfani. Yanzu in Baba ya danna, kiran yana faɗawa layin wani, katin kuma ya je filinsa ya tarar da mai wuri, shi ya sa take ƙamewa.

Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Amma Dogo tsawonsa ya fi dabararsa, sai ya ɗago ya tambaya da ƙarfi wai waye ya cire mata batir. Na yi caraf na ce ni ce, na zare masa ido, ya gane ya haɗiye sauran. Ina juyawa na ga Inna a bakin ƙofa da faranti a hannu. Ta ajiye masa abincin, ta yi masa sannu da aiki, ta fita. Na ce a raina ƙila ba ta ji ba.

Nan ne fa na ji haushinka, kuma har yanzu bai gama sauka ba. Lambobin da ka zaɓa ka binne su a cikin aikinka inda Dogo ba ya iya gani, kuma ya ce ba zai kuskura ya goge ya sake zubawa ba, kada muryar ta tafi gaba ɗaya. Haba Auta! Ɗan guntun takarda ka manna a ƙasanta ya gagare ka? Kai da ubanka duk ɗaya kuke, komai a ka, kamar za ku dawwama a ɗakin. Dole sai lalube. Dogo ya tafi da ita shago ya canza ɗan batirin, sannan ya fara gwaji. Abu uku ne sai sun dace lokaci guda, layin madanni, layin sauti da filin memori, in ɗaya ya kuskure ƙamewar iri ɗaya ce, ba abin da zai nuna maka ka kusa. Kowane gwaji sai an kashe an kunna, ita kuwa tsohuwa ce, kafin ta farka ka sha shayi ka wanke kofi. Kullum in na tashi daga makaranta can nake wucewa, in zauna a kan wani mataccen talabijin, ga hayaƙin dalma ga ƙarar masu hawa bene a kanmu. Aikina guda ne, in ya ce danna in danna. Masu waya suna zuwa yana korar su, har wata ta zage shi ta zage ni a kai.

A gida kuwa abubuwa biyu ne suke narkewa a gabana. Baba kullum ƙasa yake yi, numfashi yana gajarta, idonsa a kan teburin da babu komai. Inna kuma ta daina cin abinci. Ba ta ce ta daina ba, za ta dafa, ta zuba wa kowa, ta ce ta ci a kicin. Na fara lura da farantinta a bushe yake komawa. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce mata so take in yi jinyar mutum biyu, ta ce ita dai ba ta jin yunwa ne. Surutun nan nata da Baba yake ƙorafi a kai ya ɗauke ɗif. Takan zauna a gefen gadonsa tana yi masa fifita, amma ba ta yarda su haɗa ido. Dangi kuma kowa da hasashensa. Baffa ya ce wasiyya ce a kan gidan, Gwaggo ta ce yafiya yake nema wurin wani, wasu suka ce kai yake kira. Baffa har ya ce mu bar wahalar da ƙarfe mu kama addu'a, na ce masa addu'a da baki ake yi, hannu kuma yana nan ba aikin da yake. Ya yi fushi ya tafi, washegari ya dawo.

Wata safiya da ba makaranta, na danna, lasifikar ta sake sakin kukan nan nata, raina ya ɓaci na ce wai ita wannan me aka yi mata ne, kullum ni madanni nake taɓawa amma ita ce mai ihu. Sai Dogo ya daki goshinsa ya ce shi jaki ne. Ashe madannin a layin sauti yake kira. Ashe jan gilashin ka kashe shi amma ba ka ba katin layinsa ba kamar yadda kowane mai hankali zai yi, ka kashe firinta, ka kwashi sauti ka kai bakwai, ka ba katin biyar. Saura fili, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, naka yana can na ƙarshe. Ya ce danna, na danna, hasken ya tsaya cak a kan harafin, sai na ji muryarka ta fito daga lasifika ta faɗi harafin, ba. Auta, a tsakiyar shagon mutane na fashe da kuka. Dogo ya ce wannan aikin jinin maigida ne, ba sa bin hanyar da mutane suke bi, yana faɗa yana share ido da bayan hannu. Bai yarda an kashe ta ba, a buɗe na rungume ta a bayan babur har gida.

Muka ajiye ta a gaban Baba, muka sa masa madannin a ƙarƙashin yatsa, sai yatsan ya kasa. Yana ɗorawa, yana rawa, amma ba ya iya kai shi ƙasa. Na ce shi ke nan, mun makara. Dogo ya karɓe biron da ke jakata ya farke shi, ya ciro ɗan sifirin ɗin ciki, ya buɗe madannin ya musanya da nasa mai tauri. Baba yana bin hannunsa da kallo tun daga farko har ya ɗaure, irin kallon da yake yi masa a shago da. Aka sake gwadawa, ya shiga.

Ɗakin ya cika, Baffa a gaba, Gwaggo, surukinka, ni, Inna can baya jikin ƙofa. Tun hantsi Baba ya fara. Hasken zai wuce shi, ya jira ya zagayo, ya danna ɗaya, ya huta, gumi yana tsattsafo masa, in goge. Sau da yawa na ɗauka barci ya kwashe shi, sai in ga yatsan ya motsa. Ni ina kusa, ina ganin abin da yake haɗawa, tun a rabi na gane, na toshe bakina da mayafi. Rana ta take tsaka kafin ya kai ƙarshe ya danna wurin faɗa. Ga abin da ya ce, ba ƙari ba ragi: Ni na koya miki. Ki ci abinci.

Ashe duk yana ji. Ya ji bayanin Dogo, kuma ya fi ni gane shi, ya ji tambayar, ya ji ƙaryar da na yi, ya ga farantin da yake komawa a bushe. Ban san mece ce maganar da ya dawo da ita daga asibiti ba, ko gida ne, ko yafiya, ko kai. Ƙarfin magana ɗaya ya rage masa, ya ajiye tasa ya faɗi wannan. Inna ta sulale ta zauna a ƙasa, ta yi kukan da ban taɓa jin ta yi ba. Baffa ya fita waje. Ni na je kicin na zubo abin da ya saura a tukunya, ta matso gefen gado inda zai gan ta, ta ci tana shessheƙa, yana kallon ta har ta cinye ta nuna masa farantin.

Bai sake dannawa ba. Mun bar masa madannin a ƙarƙashin yatsa, hasken yana ta zagaye, amma ya gama. Ba a daɗe ba Allah ya karɓi abinsa, da safe, cikin sauƙi, hannunsa a hannun Inna. To ga amsar tambayoyinka. Kwamfutar ta yi masa aiki a ƙarshe, bayan ta ci mana kwanakin da ba za su dawo ba. Magana kuma ya bari, amma ba taka ba ce, ba tawa ba ce. Na so in ƙirƙiro maka wata in rubuta, har na ɗauki biro, na ga ba zan iya yi wa mamaci ƙarya ba. Na san zai yi maka zafi, ni ma ya yi mini, ina zaune a gabansa ina goge masa gumi.

Yanzu Inna tana ci, tana ɗan magana. Amma kwamfutar tana nan a kan tebur a kunne, da maganar a fuskarta, ba ta yarda kowa ya rufe ta. Dogo ya rantse mata cewa ya sa sabon ɗan batir, ko shekara ta yi a akwati ba abin da za ta manta, ta ce ta ji, Allah ya yi masa albarka. In aka ɗauke wuta ya daɗe, sai ta ɗauke ta a buɗe ta tsallaka gidan maƙwabta masu janareto, ta zauna a barandarsu har a dawo da wutar. Lokacin cin abinci kuma takan kai farantinta ɗakin ta turo ƙofa. Ina jin ƙarar madannin, ina jin maganar, sannan in ji cokali.

Saboda haka roƙona guda ne. Na san halinka, kana sauka za ka ce ta tsufa, ka zo da sabuwa, za ka kwashe komai ka zuba a wani wuri mai kyau. Kada ka taɓa ta. Kada ka shiga shuɗin shafin nan, kada ka gyara ko da waƙafi. Ka zo ka zauna da uwarka kawai.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi in za ka hau saman jirgi. Baffa da Gwaggo suna gaishe ka, surukinka da 'ya'yanka duka suna gaishe ka, Ƙarama ta ce a faɗa maka haƙorinta ya fita. Dogo ya ce a miƙa maka ta'aziyyarsa. Ka gaida abokan aikinka, da mai dafa muku abinci da ka ce yana kula da kai. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce yayarka,
wadda ta goya ka.